Tsakuwa ta Huɗu

Kwana biyar ke nan zama ya gagare ni. In na shimfiɗa tabarma a gindin bango sai in ji kamar da ƙaya a ƙarƙashinta, in tashi in koma ƙofar ɗaki, can ma haka. Matar ɗana ta ce ko ƙafar ce ta motsa a kai ni asibiti. Na ce mata ƙafata lafiya lau, ta ƙyale ni. Magana ce take cina. Ɗan ƙanwata ne ya zo daga ƙauyenmu, can gefen Farin Dutse, ya ce an sare ɗorawar Inna, kuma wanda ya sa aka sare ta ya haɗo shi da saƙo gare ni. Tun ranar nake neman amsar da zan mayar, ni da ba a taɓa ƙure ni a zance ba. Ban zauna a aji ba, ban san baƙin boko ko ɗaya ba, amma a zamanina in na buɗe baki a gidan biki masu daka tsayar da taɓarya suke yi. Ba yabon kai ba ne, abin da ya faru ne.

Ina cikin wannan kai da kawowa sai ga jikata, wadda take rubuta mini wannan, ta dawo daga makaranta nan Birnin Kudu tana huci. Ta miƙo mini takarda kamar zan iya karantawa. Ko ban iya ba dai na ga ja, an bi ta da jan biro kamar an yanka kaza a kai.

"Kaka, dubi abin da malamar nan ta yi mini. Shafi huɗu na rubuta, wai in mayar da shi biyu. Wai kuma in faɗi hujjar waɗanda ba na goyon baya. Ni zan yi musu aikinsu?"

An ce su rubuta ne a kan wace ta fi, makarantar kwana ko ta jeka-ka-dawo. Na ce ta karanta mini. Yarinyar tana da baki, ba a ƙasa ta tsinta ba. Da ta zo inda take tsokanar 'yan makarantar kwana da wakensu mai iyo a ruwa, sai ta tsaya tana dariyar kanta.

"Nan ya fi ko'ina daɗi," in ji ta.

Na ce, "To nan za ki fara yankewa."

"Ke tsohuwar nan! Ke da ko riƙon biro ba ki iya ba?"

"Ɗauko biron ki zauna, mara kunya. Ni an yi mini jan biro tun ba a haifi uban malamarki ba, kuma babu takarda a wurin."

A lokacin da nake faɗa, garinmu ba ya tashi da ƙarar babur. Da lugude yake tashi, gida ya amsa wa gida, sai ƙarar guga a rijiya da kukan shanun Fulanin da ke bi ta bayan gonaki. Mace ba ta sayen ɗanɗanon miya a kanti, ita take yinsa. In zafi ya kankama ɗorawa ta nuna, sai mu ɗauki gora mai ƙugiya mu tafi tun rana ba ta yi ƙarfi ba, mu kaɗo, mu tara a kwanduna, bakin kowa ya yi rawaya da garinta. Ɓawon a jiƙa a yi makuba ta daɓen ɗaki. Kalwar kuwa, wato ƙwayar, ita ce dukiyar. A dafa ta wuni guda, a surfa da toka, a kai rafi a wanke, a sake dafawa, a rufe ta da ganye har ta yi warin nan da yaran yanzu suke toshe wa hanci. Ni in na ji shi Inna nake tunawa. Daddawarta har kasuwar Gwaram ana cigiyarta, kuma duk daga itace guda, wata ƙatuwar ɗorawa da mutum uku ba sa zagaye gindinta da hannu.

Itacen yana tsakiyar gonar kakana na wajen uwa, shi ya ba Inna kyauta da bakinsa. A wurinmu haka ake yi, gona daban, itacen da ke cikinta daban. Ana sayar da ƙasa a ce ban da ɗorawa, ban da tsamiya, kuma kowa ya gane. Da kakana ya rasu magada suka sayar da gonar ga wani mutum da ya taso daga wajen Kwandiko, manomi ne na gaske, ba ya wasa da aiki. Bayan damina uku Inna ma ta rasu, ta bar ni da ɗan fari a goye da ƙannena mata biyu, ba mu da abin riƙewa sai itacen nan. Ba a yi nisa ba muka ji mai gona ya je wurin dagaci yana neman izinin sa masa gatari, wai inuwa tana kashe masa gero.

To, a wancan zamani mace mai ƙuruciya irin tawa ba ta shiga zauren dagaci ta tsaya gaban maza. Sai dai ta ba wani namiji nata maganar ya kai. Maigidana ya tafi cin rani, kuma ma batun gidan uwata ne, don haka sai Kawu, ƙanin Inna. Allah Ya jiƙan Kawu, mutumin kirki, masaƙin zana. Amma magana ba ta zauna masa ba. In ya yi sallama sai ya huta kafin ya tambayi gajiya.

Ni kuwa na ce ranar nuna kai ta zo. Kwana uku ina kan dutsen niƙa ina shirya zance, kowane turi da jimlarsa. Na faro daga zuwan kakana garin, na bi ta kan auren Inna, na sauko kan jinyarta da rasuwarta, na jero marayu, sannan na rufe da wata 'yar magana mai yaji da ta zo mini ina tankaɗe. Na gwada wa mata a bakin rijiya. Wajen jinya suka share hawaye, wajen yajin wata har ta saki igiyar guga don dariya. Na je na zazzage wa Kawu duka sau biyu, yana saƙa yana gyaɗa kai. Na ce, "Kawu, ka riƙe?" Ya ce, "To, Allah dai Ya sa."

Ranar zaman na laɓe a bayan dangar gidan da ke jikin zauren, da yaro a bayana, ina jin komai. Mai gona ya yi bayaninsa gajere. Aka ce Kawu ya yi magana.

"Ranka ya daɗe," in ji shi. Sai shiru. Ina jin kaza tana tono a gefena. "Wato, yarinyar ta ce..." Sai wani shirun. Can sai na ji ya saki murya kamar wanda ya tsinci abin da ya ɓace masa: "Ta ce wai mutumin da ya rasa abokin faɗa a cikin mutane ya koma faɗa da inuwa, gobe kuma sai mu ji ya kai ƙarar gajimare!"

Zaure ya kece da dariya. Ni kaina sai da na murmusa a bayan danga, ina jiran sauran. Babu sauran. Kakana, Inna, marayu, duk sun zube a hanya, abin da ya iso ke nan. Da dariyar ta lafa sai na ji muryar dagaci, babu wasa a cikinta. Ya ce, "Wannan ba hujja ba ce, rashin kunya ne. Mutum ya kawo kukansa a mayar da shi abin dariya? Na ba ku zuwa rana ita yau. In babu abin faɗa sai irin wannan, ya sa gatarinsa."

Ban bi ta gida ba, rafi na nufa wurin Goggo, yayar mahaifina. Tsohuwa ce da ban taɓa jin ta yabi kowa ba, in abu ya yi mata kyau sai dai ta ce ba laifi. Na same ta tana wanke kalwa a ƙwarya mai huji, ɓawon yana bin ruwa. Na ce, "Goggo, Kawu ya zubar mini da magana."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Kin san bakinsa tun kina goye. Wa ya aike ki ki loda masa abin da ba zai iya ɗauka ba? Ya ɗauki wanda ya fi ƙyalli ya bar sauran, kowa ma haka zai yi. Ba kya wurin, 'yar nan. Maganar da za ta shiga inda ba kya nan, dole ta iya tsayawa da ƙafarta. Karɓi ƙwaryar nan, ki faɗa mini abin da kika ba shi."

Na karɓa, ina wanki ina jerowa. Ban yi nisa da zuwan kakana ba ta ce, "Dagaci ya san wannan, tare suka yi farauta. Cire." Na shiga auren Inna, ta ce, "Cire." Da na zo kan jinya na sassauta murya yadda na yi a bakin rijiya, na saci kallonta ko zan ga hawaye. Sai ta ce, "Kuka kike so a yi miki, ko itace kike so a bar miki?" Wallahi har yau in na tuna sai na ji zafin wannan tambaya. Nan ne wurin da na fi so, nan na zuba duk iyawata, kuma gaskiya ce tsantsa. Na ce, "Goggo, uwata ce fa." Ta ce, "Na sani, ni na yi mata wanka. Amma ba a kan mutuwarta ake shari'a ba."

Kashegari ta zo da wani sabon salo. Muna surfe a tsakar gidanta sai ta dogara taɓarya, ta ƙanƙance ido, ta yi muryar maza.

"Ni ne mai gona. Na sayi ƙasa da gumina. Gerona a ƙarƙashin itacenki ko gwiwa ba ya kaiwa, na can gefe ya fi ni tsawo. Ƙarya na yi?"

Na ci gaba da surfe.

"Da ke nake, mai baki. Ƙarya na yi?"

"Ba ƙarya ba ne."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Goggo, ni zan yi masa aikinsa?"

Ka ji, kalmar da jikata ta faɗa mini a kan malamarta, ita na faɗa a tsakar gidan Goggo, kusan ba a canza komai ba. Goggo ta ce, "In ba ki faɗa ba shi zai faɗa, kuma a bakinsa ta fi kaifi. In kika riga shi, kin karɓe masa sanda. Kuma ma bar batun dabara. Mutumin nan yana da gaskiyarsa, ke ce ba ki tsaya kin kalle ta ba." Da yamma na bi ta gonar ni kaɗai. Kututturan karan bara suna nan. Na gefe kauri kamar babban yatsa, na gindin itacen sirara kamar tsintsiya. Sau nawa na bi ta wurin ban gani ba, don sama kullum nake kallo, wajen 'ya'yan ɗorawa.

Haka muka yi ta yi har kwana huɗu. In kawo, ta yanke. In sake ɗaurawa, ta shigo da muryar mai gona ta warware. Na yi fushi na tafi gida sau biyu, na dawo da ƙafata. Zancen da ya cika kwando ya dawo bai fi tafin hannu ba. Ana jibi zama ta tsinto tsakuwa huɗu a bakin murhu ta jera a ƙasa, ta ce kowace da maganarta, Kawu ya zuba a aljihu, in ya fito da ɗaya ya faɗi tata. Ta farko: ranar ciniki an ce ban da ɗorawa, kuma liman yana wurin, a tambaye shi. Ta biyu: shekara uku muna kaɗa a gabansa bai hana ba, har matarsa ta karɓi makuba a hannunmu ta yi daɓe. Ta uku: kukansa gaskiya ne, inuwa tana cutar geronsa, mun yarda a sare rassa biyu na gabas da suka fi rufe masa rana.

Na ce, "Ta huɗun fa?"

"Ta huɗu, a ce yarinya ta ce a ba shi haƙuri a kan maganar rannan."

Na ɗauki tsakuwar na juya ta a hannu. Na tuna dariyar zauren nan, na tuna matar da ta saki guga. Duk garin ana maimaita maganata, har a kasuwa. Na ce, "Goggo, Kawu ba zai iya riƙe huɗu ba." Na cilla ta bayan danga. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Kawunki ne ba zai iya ba?" Ba ta ƙara ba, ni ma ban ƙara ba.

Ranar zama na koma bayan dangata. Na ji Kawu ya ce ranka ya daɗe, na ji ƙarar tsakuwa ya ajiye a ƙasa, ya faɗi ta farko tiryan-tiryan. Aka tambayi liman, ya ce haka aka yi. Ya ajiye ta biyu. Ya faɗi ta uku. Can mai gona ya ce, a hankali, "Ni dai abin da nake faɗa ke nan tun farko, ba wanda ya saurare ni." Dagaci ya yanke: itace na 'ya'yan marigayiya ne, a sauke rassa biyu na gabas. Kawu ya fito yana share gumi kamar wanda ya yi noman wuni. Goggo da ta ji ta ce ba laifi.

Da itacen nan na aurar da ƙannena, da shi na yi wa 'ya'yana sutura. Daga ranar kuma bakina ya canza. Kafin in yi magana mai nauyi sai in ƙirga tsakuwata a zuci, in tambayi kaina me wancan zai ce, kuma ina gaskiyarsa. Har ta kai mata suna zuwa in shirya musu zance kafin a je gaban manya, rabon gado ne, rikicin iyaka ne, ɓarnar shanu ce. Na yanke wa mutane da yawa wurin da suka fi so, sun ji haushina, sun dawo sun gode.

Sai dai abin da na cilla bayan danga bai tafi ko'ina ba. Sunan ya bi mutumin nan. Yara suka fara, manya suka ɗauka: Faɗa-da-inuwa. In an ga hadari sai wani ya ce a je a gaya masa ga wanda zai kai ƙara. Matarsa ta daina gaishe ni a rijiya. Shi bai taɓa ce mini komai ba, in mun haɗu a hanyar gona sai ya kauce ya ba ni wuri, ya sunkuyar da kai. Ranar da ya rasu, wanda ya kawo mana labari cewa ya yi Faɗa-da-inuwa ya cika, sai da aka yi ta tunani kafin a tuno sunansa na yanka. Har gobe in ka je garin ka tambayi gidan, da wannan sunan za a nuna maka. Jikokinsa da shi aka kira su a makaranta.

Shi ya sa nake kallon yaran yanzu ina jin haushi da sha'awa a haɗe. An ba su takarda. Mutum ya zuba duk haukarsa a kai, ya kwana, ya tashi ya soke, ba wanda ya ji. Har a samu wata ta zauna ta bi masa da jan biro, a biya ta albashi a kan haka! Mu namu a bainar jama'a ake yi, in ta fita ta fita. Amma su ɗin nan da aka ba wannan gata, su ne za ka ga sun danna waya sun yi magana sun tura kafin numfashi ya dawo. Ba mai zuwa rafi wurin Goggo. Rafin ma ya ja baya, luguden ya yi shiru, inji ke niƙa. Daddawa kuwa sai dunƙulen kanti a takarda mai ƙyalli. Shi ya sa da masu gawayi suka zo da zartonsu mai inji, ba wanda ya je zauren kowa. Ɗan ƙanwata ya ce kafin azahar itacen yana ƙasa. Jikan mutumin ne ya sayar musu. Saƙon da ya aiko mini kuwa shi ne: "A gaya wa tsohuwa inuwar ta tafi. Sai a nemo mana wani sunan."

Da na kawo nan jikata ta ajiye biro ta ce, "To Kaka, me za ki ce masa?" Na ce ta juya sabon shafi. Na zuba mata amsar da na kwana biyar ina dafawa. Tsakuwata uku suna nan daram: itacen nawa ne, gari ya sani, hukuncin dagaci bai mutu don dagaci ya mutu ba. Na ƙara da wata 'yar magana a kan mutumin da ya ƙone abincin jikokinsa ya sayar a buhu. Ta zauna daidai, wallahi, da a bakin rijiya ne sai an saki guga. Na ce ta karanto mini. Ta karanta, sannan ta kalle ni ta gefen ido.

"Kaka, ba ki faɗi abin da ɗaya ɓangaren zai ce ba."

Na ɗaga mafici zan kai mata, ta goce tana dariya. Na tashi na zaga tsakar gida, na dawo, na sake zagawa. Jikan mutumin nan an haife shi da sunan da bai ci ba bai sha ba. Ya tashi yana ganin itacen a tsakiyar gonarsu, kowa ya wuce ya nuna ya yi murmushi. Ni ina can ina cin daddawa.

Na ce, "Soke na buhun."

"Nan ya fi ko'ina daɗi fa."

"Soke, don ubanki."

Ta soke. Na sa ta soke na dagaci, ta soke na gari. Shafi guda ya dawo layi biyu, ga abin da ya rage: "Itacen nawa ne, sunan kuma daga bakina ya fito. Na yafe itacen, ku yafe mini sunan, ku roƙa mini gafarar kakanku a addu'a."

Ta linke ta ba ni, ta jawo tata takardar mai jan biro ta hau yanka waken 'yan makarantar kwana tana gunaguni. Tawa tana ƙulle a bakin zanena. Motar Gwaram sai ranar kasuwa, saura kwana biyu, kuma na san kaina, kafin nan zan sa a karanto mini ita sau goma ina neman inda zan mayar da ɗan yaji. Don haka na tsinci tsakuwa guda a bakin murhu na ƙulle su tare. Na ce wa ɗan ƙanwata in ya je kada ya ba wani yaro a ƙofa, ya shiga ya miƙa wa jikan hannu da hannu, ya ajiye tsakuwar a gabansa. In ya tambayi ta mece ce, ya ce masa ta kakansa ce, ta daɗe a wurina.